Gidan Da Ta Gyara Wa Wata

"Ƴar Birkila! Wai ba da ke nake magana ba?"

Ba ta juyo ba sai da ta gama auna faɗin tagar, ta saki tef ɗin awo ya koma gidansa, kas!

"Ina jin ki, amarya."

Ƴar Lele ta toshe hanci da gefen mayafi saboda ƙurar tsohuwar filasta.

"So nake gidan nan ya fi na kowa. Ni na zaɓe ki da kaina, don babu wanda ya san lungunansa kamar ki... ko ƙarya na yi?"

Ba ƙarya ta yi ba.

Gidan mahaifin Lauya ne, marigayi, kuma Lauya shi ne mutumin da Ƴar Birkila ta so kamar ranta. A nan suka sha zama kan buhunan yashi suna tsara yadda za su gyara shi in sun yi aure. Mahaifiyarsa, Hajiya, ba ta taɓa son ta ba. "Yarinyar da ke wuni cikin leburori?" Ita ta laƙaba mata sunan Ƴar Birkila, don ubanta magini ne. Ita kuwa ta ɗauki sunan ta rubuta a ƙofar ofishinta.

Sai Ƴar Lele, ɗiyar ƙanwar Hajiya, ta kai wa Lauya hoto: ga Ƴar Birkila tana fitowa daga ɗakin otal tana dariya, ga wani namiji ya ba kyamara baya, hannunsa a kafaɗarta.

Ta waya ya rabu da ita. Ko tambaya bai yi ba.

Yanzu ga shi zai auri wadda ta kai masa hoton.

"Zan yi aikin," in ji Ƴar Birkila, murya a sanyaye.

Da ta faɗa wa babanta, ajiye kofin shayinsa ya yi.

"Ɗiyata, wulaƙanta ki suke son yi. Ki bar musu kayansu."

"Baba, ka taɓa ganin na fara gini na bar shi ba rufi?"

Ya daɗe yana kallon ta. Idonta ne bai yi masa ba.

Ƴar Lele ta shiga hidimar biki, ta bar mata wuƙa da nama. "Ki yi yadda kika ga dama, ya dai yi kyau."

Ta kuwa yi yadda ta ga dama.

Ta fara da rufi, ta sa aka yaye ruɓaɓɓen silin. Ta sauya wayoyin wuta da bututun ruwa kafin mai tayil ya shigo. Kullum ita ce farkon zuwa, ita ce ƙarshen tafiya. Mai fenti ya haɗa launi har ya gaji, tana cewa, "Bai yi ba. Ƙara fari kaɗan."

Ba abin da ta ƙirƙira. Duk abin da suka taɓa tsarawa ita da Lauya, shi ta zuba. Babbar taga mai kallon bishiyar tsakar gida, da wurin zama a jikinta. Kicin mai buɗewa zuwa falo, don ya taɓa cewa ba ya son ta yi girki ba ya ganin ta. Tsohuwar ƙofar mahaifinsa, wadda Hajiya ta ce a yar, kafinta ya kankare ta ya shafe, aka mayar.

Shugaban ma'aikata kuwa, takanas ta je ta ɗauko wanda take so: Kawu, tsohon abokin babanta, wanda ya goye ta tana ƙarama.

Wata rana da hantsi Lauya ya leƙo. A bakin ƙofa ya ƙame, ya shafa katakon.

"Me ya sa kike min haka?"

"Aiki aka ba ni, ranka ya daɗe."

"Ranka ya daɗe? Ni?"

"A kula da bango, fentin bai bushe ba."

Ta wuce shi. Sai da ta shiga banɗakin da ba a gama ba ta jingina da bango, ta cije leɓe har ya fashe.

Ranar miƙa mukulli duk suka zo. Hajiya na zagayawa tana neman aibu, ta rasa. Ƴar Lele na ta ɗaukar hoto.

"Kawu!" Ƴar Birkila ta ƙwala kira. "Zo ku gaisa da masu gida."

Dattijon ya shigo yana goge hannu, ya gaishe su. Da ya juya zai fita, ta ce, "Tsaya haka, Kawu. Kar ka juyo."

Ta dubi Lauya.

"Ka gane bayan nan?"

Kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya sauka. Tsohon tabo a ƙeya. Hular ma ita ce.

Lauya ya gane shi: mutumin da ke cikin hoton ne.

"Ɗakunan otal ɗin muke gyarawa, ni da shi," ta ce. "Ita ma amaryarka ta sani. Har gaisawa suka yi kafin ta ɗauki hoton."

Kawu ya waiwayo ya ƙura wa Ƴar Lele ido. "Af! Ashe ke ce! Ba ke kika ce tayil ɗin ne ya burge ki ba?"

"Ƙarya ne! Wallahi haɗa baki suka yi! Yaya, kar ka..."

"Yi min shiru!" Tsawar Lauya ta cika falon.

Hajiya ta lalubi wurin zaman jikin taga ta zauna.

Lauya ya zube a kan sabon tayil, gwiwa biyu.

"Sahibata... na cuce ki. Na fasa auren nan, wallahi na fasa! Gidanki ne, ke kika tsara shi. Ki dawo, hasken idona..."

Ta sha mafarkin wannan rana. Ta zaci daɗi za ta ji. Ta dubi fuskar da ta fi so a duniya, zuciyarta na cewa ki ɗaga shi.

Ba ta ɗaga shi ba.

"Kai lauya ne. Ko ɓarawo sai an ji ta bakinsa. Ni ba ka tambaye ni ba."

"Kishi ne ya rufe min ido..."

"To yanzu ya buɗe. Ka kalli gidan da kyau."

Ta ɗora mukullan a tafin hannunsa, ta naɗe masa yatsu a kai.

"Duk inda ka juya, ni za ka gani. Ni kuma ba za ka same ni ba."

Ta fita. Kawu ya bi ta da akwatin kayan aiki.

An fasa bikin. Hajiya da kanta ta taka har gidan su Ƴar Birkila neman afuwa, aka karɓe ta da mutunci, aka raka ta ƙofa. Lauya ya yi zarya har maƙwabta suka haddace ƙarar motarsa. Ba ta taɓa fitowa ba.

Gidan kuwa ya kasa zama a ciki, ya kasa sayarwa. Yana nan a rufe.

Wata safiya babanta ya same ta tana ɗaure igiyar takalmin aiki, idanu a kumbure.

"Kin huce?"

"Na rama, Baba."

"Ba ita na tambaye ki ba."

Hawaye ya ɗiga a kan takalmin.

"Har yanzu ina son sa," ta ce. "Shi ya sa ba zan koma ba."