Gawar Ramin Tungar Isa

Da hantsi rahoto ya iso ofishin 'yan sanda na Anka: an tsinci gawar Malam Hudu a tsohon ramin zinare, bayan Tungar Isa. Saura kwana biyu baƙi su zo jin koken jama'a, wakilan kamfanin iskar gas na wata gwamnatin ƙetare, wanda ya zuba jari a injin wanke zinare na garin. Hudu kaɗai ya ba da suna zai yi magana. 'Ya'yansa uku gubar dalmar ƙasar zinare ta ci.

Insifekta Tasi'u ya sauka ramin da igiya. Ƙeyar mamacin a fashe take, amma yana kwance kan gefen dama, fuska gabas, idanu a rufe, haɓa ɗaure da farin ƙyalle. Shekara ashirin Tasi'u yana ciro mutane daga rami, bai taɓa ganin wanda ya faɗo ya gyara kwanciya ba.

Ya fara da Jamilu, jami'in hulɗar kamfanin da jama'a.

"Santsi ne, Insifekta. Tsoho da bakin rami."

"Ka taɓa yi masa barazana?"

"Ko sunansa ban sani ba."

"Kai ka rubuta shi a jerin masu koke."

Jamilu ya gyara hula. "Sanarwa kawai na karanta a dandali. In koke ya kai ga baƙi, kamfani zai janye, asibitin ma'aikata ya rufe. Gaskiya ce, ba barazana ba."

Zulai, matar Hudu, daga bayan zana ta amsa.

"Tun da munka binne na ukku bai sake bin hanyar ramin ba. Takalmin da ya taka ƙasar can ba ya shiga gidanga."

"Da wa ya fita jiya?"

"Da ƙanensa, Almustapha, mai gadin injin. Bayan la'asar."

"Inna, wa ke wankan gawa a garin nan?"

"Shi na, Almustapha," ta ce.

Ya iske Almustapha a zaure yana yi wa wata yarinya fifita. Ba ta wuce shekara biyar ba, hannayenta na rawa.

"Bakin masallaci munka rabu, ranka shi daɗe."

"Ka sauka ramin da aka gan shi?"

"Babu wanda ya sauka kafin ku."

"Warware rawaninka."

Bakin rawanin a yage yake. Tasi'u ya ɗora ƙyallen haɓar, yagar ta haɗu daidai.

Almustapha bai daina fifitar ba. "Ɗiyata ce, Mardiyya. Ita ma dalma ta kama ta, maganin asibitin kamfani ke riƙe da ita. Na ja Hudu bayan gari har bakin ramin ina roƙo ya bar koken, na ce, Yaya, naka sun tahi, tawa na da rai. Ya ce matattu ba su da baki sai nasa. Na ture shi."

"Sannan ka bi shi ƙasa."

"Na iske shi yana shure-shure, na laƙƙana mai kalmar shahada. Uwa ɗaya uba ɗaya muke. In bar shi yashe kamar mushen jaki?"

Tasi'u ya juya ankwar a hannunsa. Da kisan ƙiyayya ne, da babu wanda zai kama mutumin nan. Ƙauna ce ta tona shi. Ya sa masa ankwar.

Suna fitowa babur ɗin Jamilu ya tsaya. Ya yi sallama, ya yi ta'aziyya, sannan ya miƙa wa matar Almustapha hannu.

"Katin asibitin, baiwar Allah. Na iyalan ma'aikata ne. Wanda ke hannun hukuma ba ma'aikacinmu ba ne."

Almustapha ya zube a gwiwa da ankwa. "Don ku na yi, yallaɓai."

"Wa ya sa ka?" in ji Jamilu, ya jefa katin aljihu.

Tasi'u ya laluba duk sassan dokar da ya haddace, yana neman guda da zai riƙe hannun nan da ita. Bai samu ba.

"Tashi," ya ce wa Almustapha. "Kada ka waiga, ɗiyarka tana kallonka."