Wane Magani Zan Sha?

"Ki ɗauka mana! Sau uku ke nan Hajiya tana kira."

Najiba ta kalli wayar da mijinta Mus'ab ke miƙo mata, ta noƙe hannu. Wata biyu ke nan da aka kulle Kuala Lumpur saboda korona, suna cikin ɗan gidansu na unguwar Pantai Dalam, shi yana rubutun digirinsa na injiniya, ita tana shiga aji ta kwamfuta.

"Tari take yi da zazzaɓi, kuma ta ƙi asibiti," in ji shi. "Wai surukarta mai karatun haɗa magunguna za ta faɗa mata abin da za ta sha. Najiba... wace surukar ce wannan?"

Ji ta yi kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Ranar da za su baro Kano ne wata gwaggonsa ta tambaye ta abin da za ta karanta. Ta ce liberal arts. Gwaggo ta tafa hannu: "Arts? Har Malesiya za a je koyon zanen fulawa?" Mata suka kwashe da dariya. Da Hajiya Daso, mahaifiyar Mus'ab, ta sake tambayarta a ɗaki, sai bakinta ya kuɓuce ta ce haɗa magunguna za ta karanta. Yau dai ta kwashe duka ta faɗa wa Mus'ab.

"Shekara biyu kina ɓoye wannan!" Mus'ab ya girgiza kai. "Ni ban taɓa jin kunyar karatunki ba, hasken idona. Ashe ke ce mai ji."

"Habibi, don Allah ka faɗa mata..."

"A'a. Wanda ya ɗaura shi ke kwancewa."

Wayar ta sake ruri. Ta gyara mayafinta, ta ɗauka.

"'Yata, likitata," Hajiya ta ce, tari na sarƙe ta. "Wane magani zan sha?"

"Hajiya... ki yafe mini. Ƙarya na yi miki. Ban san komai a kan magani ba."

Ta cikin wayar har kukan zakaran maƙwabta ana jiyowa daga Kano.

"To me kike karantawa?"

Hawaye suka zubo mata. "Tarihi, Hajiya. Da adabi, da falsafa, da ɗan lissafi, da yadda jama'a ke zama da juna. Ba sana'a ɗaya ake koya mana ba. Ana koya mana yadda za mu yi tunani, mu auna magana kafin mu yarda da ita."

"Shi ne abin ɓoyewa?" Hajiya ta ja numfashi. "A zauren mahaifina Baffa, Allah Ya ji ƙansa, da safe nahawu, da hantsi hisabi, da yamma waƙoƙi da tarihi. Cewa yake mai fanni ɗaya kamar mai ido ɗaya ne. Ashe karatun Baffa kike yi da Turanci! Ƙaryar ce ta ɓata mini rai, ba karatun ba."

Najiba ta share fuska. Ta daure ta ce, "Hajiya, me kike tsoro a asibiti?"

"An ce duk wanda aka killace ba ya dawowa."

"Wa ya ce?"

"A waya aka turo."

"Da Baffa yana nan, zai karɓi maganar da ba a san mai ita ba?"

Hajiya ta yi dariya har tari ya katse ta. "Ja'ira! Da ubana za ki kama ni? To, Malama, na ji. Yau ɗin nan zan sa a kai ni."

Da aka kashe wayar, Najiba ta kasa ɗaga ido. Mus'ab ya matso, ya ɗago haɓarta a hankali.

"Kwana uku ina roƙonta ta ƙi," ya ce. "Ke kuma da tambaya uku..."

Ta cusa fuskarta a ƙirjinsa, tana kuka tana dariya.

"Daga yau duk wanda ya tambaye ki me kike karantawa, me za ki ce?"

"Karatun zauren Baffa," ta ce ƙasa-ƙasa.