Kati Ashirin

Ranar da ya fara shiga ajin Malama, ko sallama bai gama ba jakarsa ta ture gwangwanin alli. Dogon saurayi ne mai tabarau, ɗalibin jami'a da ke neman digiri na uku a kan yadda ƙwaƙwalwar yara ke girma, an turo shi makarantar ƙauyen da takarda mai hatimi. Ya durƙusa yana tsintar allin yana ba da haƙuri, yara arba'in da biyu suna ta ƙyalƙyala dariya. Malama ta so ta ɗaure fuska, abin ya ƙi. Tun ranar ta laƙaba masa Mai Katuna, saboda wani kwalin katunan hotuna da ba ya rabuwa da shi.

Aikin nasa ba wani mai wuya ba ne a ido. Zai zauna a ofishin hedimasta, a turo masa yara ɗaya bayan ɗaya, ya nuna kati ashirin, yaro ya faɗi abin da ya gani. Ya ce ƙa'idar bincike ta hana malamar aji zama a wurin, don haka ko sau ɗaya Malama ba ta leƙa kwalin ba. Ita dai ta san idan an tashi yana tsayawa ya taya ta share allo, wai hanya ce ta biyo da shi.

Cikin wata biyu magana ta yi nisa. Wata rana da rana saƙonsa ya shigo: "Malamata, yau sau bakwai kika harare ni. Jiya tara ne. A ilmance wannan ci gaba ne."

Ta mayar masa: "Mai Katuna, yara aka turo ka ka auna, ba idona ba."

Da ya koma birni rubuta rahotonsa, sai ya turo kawunsa wurin mahaifinta neman aurenta. Baba tsohon hedimasta ne, da hannunsa ya ɗora tubalin ajin farko na makarantar, kuma ba ya gaggawa a kan komai. Ya ce a ba shi lokaci ya bincika halin yaron.

Binciken bai yi nisa ba wani ma'aikacin ɗakin shan magani na ƙauyen ya sauƙaƙa masa. Wannan bawan Allah shekara biyu yana zarya ƙofar gidan, Malama ko kallon arziki ba ta yi masa. Shi ne ya ciro rahoton daga shafin jami'a, ya buga a takarda, ya kawo wa Baba da fuskar jimami, sai ka rantse abin ya dame shi. Kafin ya kawo kuwa ya karanta wa rabin kasuwa.

Rahoton ya ce yaran ƙauyen suna can baya nesa da takwarorinsu na birni, wai don iyayensu ba sa hira da su. Sannan ya kawo misali: yarinya mai lamba sha bakwai, 'yar shekara biyar, marainiya da ke hannun kakanta tsohon hedimasta, ta ci uku cikin ashirin. Wai an ɓoye suna ke nan! Tsofaffin hedimastoci nawa ne a ƙauyen?

Yarinyar 'yar marigayiya yayar Malama ce, a gida ana kiranta Tsuntsuwa, don tun bakinta bai buɗe sosai ba take kwaikwayon kukan tsuntsaye. Cikin kwana biyu yara suka mayar da sunanta Uku-cikin-ashirin. A rana ta uku ta ɓoye takalmin makarantarta a bayan randa, ta ce cikinta ke ciwo. Bayan nan ko ciwon ta daina ambata, ta daina magana gaba ɗaya sai da kai.

Baba ya aika wa kawun da amsa gajeriya, cewa ba shi da 'yar da zai ba mutumin da ya ci abincin gidansa ya fita ya tozarta jikarsa. Malama kuwa ba aike ta yi ba. Mota ta shiga, awa huɗu tana tafasa, ta sauka a ƙofar jami'a.

Ta same shi a wani ƙaramin ofis cike da takardu. Ya miƙe da murnarsa, ta ce ya ajiye murnar ya miƙo mata kwalin. Ta zazzage katunan a kan tebur tana juya su ɗaya ɗaya. Firji. Lifta, na'urar hawa bene. Injin wanki. Fitilar ba da hannu ta kan titi. Jirgin ƙasa.

"A gidan uban wa ta taɓa ganin lifta?" in ji ta.

Maimakon ya yi shiru, sai ya shiga bayani. Wai katunan tantattu ne, ana amfani da su a ƙasashe da dama, Farfesansa ne ya zaɓa, idan aka canza ko ɗaya sakamakon ba zai kwatantu da na sauran wurare ba. Kowace kalma ƙara mata wuta take yi.

"Yarinyar nan daga cikin ɗaki take gane akuyar da ba ta da lafiya da jin kukanta," ta ce. "Ita ke zuba maka ruwan wanke hannu wata biyu. Ba ka taɓa tambayarta abin da ta sani ba, abin da kai ka sani kaɗai ka tambaye ta. Yau kwana tara ban ji muryarta ba. Rubuta wannan ma a rahotonka."

Ta fita ta bar shi tsaye da katin firji a hannu.

Saƙonninsa suka yi ta shigowa, tana gogewa. Ɗaya ne kawai ta karanta har ƙarshe, shi ma don gajere ne: "Malamata, ba yaran na auna ba, nisansu da birni na auna. Ba na roƙon ki yafe. Ki ara min ajinki kwana ɗaya." Shi ma ta goge shi. Amma da ya zo ya tsaya a bakin ƙofar makaranta da kyamara a wuya, ba ta sa an kore shi ba, duk da ko gaisuwarsa ba ta karɓa ba.

Ya ce wa yaran su nuna masa abubuwan da kowa ya sani. Suka ja shi lungu lungu, ya ɗauki hoton lauje, rumbu, amyar zuma, dabaibayi, ƙugiyar ciro guga daga rijiya, kaska a kunnen saniya, har guda ashirin. Ya rataya kyamararsa ya tafi. Malama ta yi tsaki ta ce an sake samun abin rubutawa ke nan.

Bayan mako uku ya dawo, ya roƙi hedimasta ya tara iyaye a ajin Malama. Baba ya zo ne kawai don ya faɗa wa Mai Katuna magana a gaban jama'a, ya riƙo hannun Tsuntsuwa. Mai Katuna ya tsaya a gaban allo ya ce ya kai sababbin katunan makarantar 'ya'yan ma'aikatan jami'a, ya gwada yara arba'in da biyu da ƙa'ida iri ɗaya. Mafi ƙoƙarinsu ya ci biyar. Jikan Farfesa da kansa ya kira kaska maɓallin riga.

Aji ya ɗauki dariya, ban da Baba da Malama. Baba ya tambaye shi ko dariyar nan za ta goge abin da duniya ta riga ta karanta. Ya ce a'a, ya ciro takarda daga jaka ya miƙa masa da hannu biyu. Sanarwa ce a shafin nan na jami'a, da sunansa a ƙasa, cewa ya janye rahoton kuma kuskuren nasa ne. Farfesa ya yi faɗa har ya buga tebur, digirin kuma ya koma baya da shekara guda. Baba ya karanta sau biyu, da yatsa, kamar yana duba jarrabawa.

Daga nan Mai Katuna ya durƙusa a gaban Tsuntsuwa, ya ba ta haƙuri, ya ɗaga kati na farko. Ta kalli ƙasa. Malama ta ji kamar ta tashi ta fizge katin. Can yarinyar ta ce lauje, a hankali ƙwarai. Ta ce rumbu. Kafin a kai na goma muryarta ta kai bayan aji. A na ƙarshe ta tsaya ta ƙura ido, ta ce akuya ce, amma ba ta da lafiya, a dubi yadda kunnenta ya faɗi.

Malama ta juya ta fuskanci allo don kada yara su ga hawayenta. Fushin bai tafi a ranar ba, sai da ta ƙara wahalar da shi wata guda cur. Ranar da ta sauko, ga abin da ta tura masa: "Mai Katuna, Baba ya ce kawunka ya dawo. Ni kuma har yanzu ina jin haushinka, ka shirya zama da shi."

Ya amsa: "Na shirya, masifaffiyata, har abada."

Ranar ɗaurin aure, da ango ya shigo gaida Baba, Tsuntsuwa ta tare ƙofa. Ta kwashi tsofaffin katunan nan da ya bar mata, ta zana tsuntsu a bayan kowanne, ta ce ba mai tafiya da Antinta sai ya ci jarrabawa. Ya zauna a kan tabarma da babbar rigarsa yana gumi. Ya gane kaza, ya gane agwagwa, ya gane tantabara. Sauran sha bakwai kuwa sai kame-kame.

Ta ƙirga da yatsunta, ta matso kusa da kunnensa. Malama na bayan labule, ta ji komai.

"Uku cikin ashirin, Kawu," in ji ta. "Amma kada ka damu, ba zan faɗa wa kowa ba. Zan koya maka."

Ango ya cire tabarau yana goge ido. Baba ya ɗaga hannu ya yi musu addu'a, Allah ya zaunar da su lafiya, ya ba su 'ya'ya masu albarka, ya kuma ba su kunnen sauraronsu. Duk ɗakin aka ce amin, muryar Tsuntsuwa ta fi ta kowa fitowa.