Ƙotar Bindigar Baba Sharu

Idan zabo ya faɗo, alhakinsa yana wuyan wa? Wanda ya harba, ko wanda ya sassaƙa icen da maharbin ya jingina a kafaɗa, ko kuwa wanda ya sha romon? Har yau ban sami amsa ba. Na dai san wannan tambaya ta kusa raba Wada da Ma'u.

Wada masassaƙi ne a kasuwar Gadarif, a ƙasar Sudan. Ranar da ya fara ganin Ma'u, muciya ta zo saya.

"Ya usta, gwanin sassaƙa, wace ce ba ta karyewa a cikin asida?"

"Ta aduwa. Ta bagaruwa ma da ƙarfi, amma tana sa tuwo bauri."

"Kai kake tuƙa tuwon, da ka sani?"

"Nakan tuƙa."

Ta yi dariya har ta riƙe bakin mayafinta. Tun daga ranar ta riƙa biyowa ta rumfarsa da tambayoyi: me ya sa ice yake tsagewa, yaya ake gane ɗanye? Shi kuma yana tambayarta sirrin miyarta. Ba a daɗe ba ta fara aiko masa da farfesun zabo.

Wata safiya saƙonta ya shigo wayarsa: "Najjarina, masassaƙina, ƙotar Baba ta tsage. Za ka yi masa sabuwa?"

Ya amsa: "Da hannu biyu, Hasken rumfata. Na yi alkawari."

Shi ƙotar fartanya ya ɗauka. Sai da ya je gidan mahaifinta, Baba Sharu, tsohon ya fito da doguwar bindigar farauta, gindinta a tsage. Ta mahaifin tsohon ce, da ita yake harbin zabi a gonakin Simsim.

Wada ya sunkuyar da kai. "Baba, a yi mini afuwa. Hannuna ba ya sassaƙa abin kisa."

"To. Amma alkawari ka yi."

"Na zaci ta fartanya ce."

"Ya waladi, ɗana, wanda ya saɓa alkawari a kan ice, ba zan damƙa masa 'yata ba." Ya naɗe bindigarsa ya shige ciki.

Ma'u ta same shi a rumfa washegari, idonta jawur.

"Ya zol, kai malam, zabin da kake tauna har ƙashi, muciyarka ce take harbo su?"

Wada ya ajiye gizagonsa. Da ya yi tunani sai ya ga gaskiyarta, amma maimakon ya sassaƙa ƙotar, sai ya daina cin zabon. Kwanon ya riƙa komawa yadda ya zo.

Kassim, direban tarakta da ya daɗe yana son Ma'u, ya ga hanya ta buɗe. Ya karɓi bindigar, ya ɗaure tsagar da waya tam, ya mayar yana cewa kafinta ba shi da amfani. Aka fara raɗe-raɗin Baba Sharu ya karkata gare shi.

Ana nan sai ga saƙon Ma'u: "Ba roƙonka nake ba. Zo ka ga wani abu."

A tsakar gidansu ta ɗaga kwando. Zabo ne a ƙasa, fiffike a karye, yana haki.

"Baba bai taɓa harbi sau biyu ba," in ji ta. "Yanzu ƙotar tana gocewa. Wannan ya kamo shi da rai, ya kasa ma kallonsa. Biyu sun tsere cikin dawa da rauni. Kafaɗar Baba kuma ta kumbura."

"Ba zai daina ba?"

"Baba? Kai dai. Ƙin da ka yi bai ceci ko guda ba, Najjarina. Wahalarsu kawai ya ƙara."

Wada ya tsuguna, ya daɗe yana kallon tsuntsun. Ya miƙe ya fita.

Da la'asar ya dawo da guntun icen aduwa busasshe. Baba Sharu yana zaune a kan angare, gadon igiya, yana shan jabana, wato gahawa.

"Baba, miƙo hannunka in gwada tsawonsa."

"Ka sami amsar tambayar taka, ta wuyan wa alhakin zabo yake?"

"Ban samu ba, Baba. Na dai ga zabon."

Tsohon ya dube shi, sannan ya miƙa hannun a hankali. "Ka sa ta ɗan fi tsohuwar gajarta. Na tsufa." Ya kurɓi jabanarsa. "Ka kuma turo magabatanka, bayan an yanke riɗi."

Haka aka yi. An ɗaura aure, mata suka rangaɗa guɗa, Baba Sharu ya dafa kan su biyun ya ce, "Allah ya yi muku albarka, ya sa ku tsufa kuna wa juna tambaya."

Ranar girkinta na farko, Ma'u ta tuƙa asida da muciyar aduwa, ta ajiye kwanon farfesu a gaban angonta, ta buɗe.

"Harbi ɗaya," ta ce. "In mayar?"

Wada ya dubi kwanon, ya dube ta. Ya yi bismilla, ya ɗauki cinya.