Farar Ƙasa a Mashigin Gulbi

"Kwanta! Kowa shi kwanta!"

Harbi biyu sama. Babbar motar ta ci burki a hanyar Isa zuwa Sabon Birni, dab da Turba. Rana tsaka, damina ta zauna.

Na'Allah, ogan dabar, ya yaye tamfol. Fararen buhuna har sama.

"Taki na!" Ya ƙyalƙyale. "Bana wurinmu manoma ka saye."

Direban na kife cikin taɓo. "Wallahi ba taki na ba, ranka shi daɗe. Farar ƙasa ta, ƙonanna, ta shafen murhun narka ƙarfe. Kar ku bari ru—"

Jabir, ɗaya daga cikin yaran dabar, ya sauke masa gindin bindiga a baki.

"Ƙarya shi kai, Oga. So shi kai mu bar mai kaya."

Jabir ya san ba ƙarya ba ce. A gaban irin wannan murhun ya tashi. Ubansa Illo maƙerin tukwanen dalma ne a Kamarawa. Shi ya nuna masa halin ƙonanniyar farar ƙasa: tana jure wutar da ke narka ƙarfe, amma ruwa na taɓa ta sai ta tafasa, ta ci naman mutum. Na'Allah ne ya harbe Illo a bakin murhunsa don ya ƙi gyara musu bindigogi. Bai san tsohon na da ɗa ba. Abin da ya kawo Jabir daji ke nan.

Aka yi ta ɗora wa babura. Na'Allah ya ɗauki uku: ɗaya gaba, ɗaya baya, ɗaya a gadon bayansa.

"Ɗaure ni da su, kar su zame."

Jabir ya ɗaure shi tamau. Ya zare wuƙa a ɓoye, ya tsarge ledar cikin buhunan.

Can wajen Isa, Sufeto Hafizullahi na dukan gaban mota. "Gulbi sunka nufa! Taka ta!"

Jiniya ta taso.

"Gada ko mashigi?" in ji Na'Allah.

"Mashigi, Oga! Sun tare gada," in ji Jabir.

Na'Allah ne ya fara faɗawa cikin gulbin. Ruwa ya kai masa ƙugu, babur ya mutu. Sai tsuwa daga cikin buhunan. Sai tururi.

"Kai! Mi na na haka? Wuta! Jabir, kwance ni, ɗan banza!"

Sauran suka watsar da babura, kowa ya kama gabansa. Jabir kaɗai ya keta ruwan. Ya cusa hannuwa cikin farin kunun da ke tafasa, ya laluɓo igiyar, ya ƙara ja.

"Ka tuna Illo maƙeri?"

Na'Allah na fizge-fizge, fatar wuyansa na saɓulewa. "Wane Illo?"

"Na Kamarawa! Bakin murhu!"

"Ban san shi ba — wallahi ban san shi ba! Kwance ni!"

Jabir ya duba idonsa. Ba ƙarya yake ba.

Ya danna kan Na'Allah cikin buhun gaba. Ya riƙe har ƙafafun suka daina motsi.

'Yan sanda sun tsamo gawa biyu: Na'Allah, da wani da ruwa ya ci garin gudu. Jabir kuwa zaune suka same shi a kan rairayi. Bai gudu ba.

"Miƙo hannu," in ji Sufeto.

Ya miƙa. Sufeto ya dubi abin da ya rage na hannuwan, ya mayar da ankwa aljihu.

"Mi yak kai ka, yaro?"

Jabir na kallon ruwan da ya yi fari.

"Ko sunanai bai riƙe ba," ya ce.