Rijiyar Gidan Malam Ilu

Maƙwabciyata Ummulkhairi ce ta fara ba ni labarin nan, ita kuwa ba ta ƙara wa zance gishiri.

Da Malam Ilu baduku ya rasu a Koki, babban ɗansa Garba ya yi komai a gurguje. An yi jana'iza, an yi sadakar uku, ya karɓo takardar shaidar rasuwa daga asibiti, ya kai maganar gado kotu. Abu ɗaya ne bai yi ba. Bai zauna da tsohuwarsa, wadda ke ɗaki tana takaba, ya tambaye ta ko marigayi ya bar wasiyya ba. Kafin a zo auna gida, ya sa aka cike tsohuwar rijiyar tsakar gida, wai don fili ya ƙaru.

Magaribar ranar, ana tuƙa tuwo, dutse ya faɗo cikin tukunya. Wani ya biyo. Duwatsun a jiƙe suke, da gansakuka a jikinsu, alhali rabon garin da ruwan sama an daɗe. Kowace magariba haka. Sai Binta, autar gidan, ta daina ci, ta daina magana. Tana zuwa ta zauna inda rijiyar take, tana tonon ƙasa har farcenta ya yi jini.

Aka ɗauko Malam Mala daga Dukawuya. Ya zauna, ya daɗe yana karatu. Can Binta ta ɗago kai, muryar wani tsoho ta fito daga bakinta.

"Kun rushe mini gida."

"Aljani ba ya gadon ɗan Adam," in ji Malam. "Sake ta."

"Wa ya ce gado? Ilu ya bar wasiyya kada a taɓa rijiyata. Ta kai kashi ɗaya cikin uku na dukiyarsa ne, da za ku hana?"

Malam ya waiwayi Garba. Garba ya ce shi bai taɓa ji ba. Daga bayan labule tsohuwa ta ce, "Ya faɗa mini. Kai dai takardar gida ka yi ta nema a hannuna, ba ka tambaye ni komai ba."

Malam ya ce za a haƙe rijiyar, amma a yi mata murfi, kuma ba jifa, ba taɓa yarinya. Muryar ta ce, "Murfin katako. Ba na son ƙarfe." Binta ta yi atishawa, ta sulale, ta farka tana neman ruwa.

Ni dai ban runtsa ba bayan na ji. Gari na wayewa na kira 'ya'yana da maƙwabta biyu, na zayyana musu wasiyyata da ƙarfi. Ɗana Bashir ya ce, "Haba Inna, lafiyarki ƙalau!" Na ce, "Zauna ka ji. Ban gama ba."