Fim Goma Sha Ɗaya da Ropati Ya Ƙona

A filin jirgin Brisbane Sefina ta fara ganin Tavita. Yana riƙe da farar leda cike da fim ɗin ɗaukar hoto, yana roƙon ma'aikaciya ta duba da hannu, domin hasken na'urar binciken kaya yana ƙona fim.

"Malam, jariri ne a ledar?" in ji Sefina daga bayansa.

"Jariri ai yana kuka idan an cuce shi. Wannan sai an wanke ake sani."

Ta yi dariya. Kafin jirgi ya tashi sun karɓi lambar juna.

Da maganar aure ta taso, mahaifinta, Tuala, bai yi na'am ba. Ropati yake so, ɗan amininsa, mai motar ɗaukar kaya. Da Sefina ta dage, sai ya kafa sharaɗi: za a naɗa shi Tuala ɗin sarautar dangi a ƙauyensu da ke tsibirin Savai'i, Tavita ya ɗauki hotunan. In sun yi kyau, a yi maganar aure.

Fim goma sha biyu Tavita ya ɗauka. A hanyar dawowa, a filin jirgi, aka sa shi tura kakar Sefina a keken guragu, sai Ropati ya miƙo hannu.

"Kawo ledar, ɗan'uwa. Ni zan sa a duba maka da hannu."

Da aka wanke, goma sha ɗaya sun fito da hazo da ratsi-ratsi. Tuala ya duba bai ga fuskar kowa ba, har da ta yayarsa da ta rasu mako guda bayan naɗin. Ya ce kada Tavita ya sake taka masa ƙofa.

Tavita ya rubuta mata: "Hasken idona, laifina ne da na saki ledar. Amma irin wannan ratsin, babbar na'urar akwatunan cikin jirgi kaɗai ke yin sa. Na cikin kyamarata, da aka duba da hannu, lafiya ƙalau ya fito."

Ta amsa: "Nawa, kada ka ce wa kowa komai. Wannan yaƙina ne."

Kwana uku tana yi wa Ropati fara'a. A na huɗu ta tura masa: "Ko wa ya raba ni da mai ledar nan, ya gama mini komai."

Ba a yi minti biyu ba ya amsa: "Ai gwaninki ne. A akwatina na cusa ta, ƙarƙashin takalma."

Ranar Lahadi, dangi sun taru cin abincin bayan coci, ta miƙe cikin ladabi.

"Baba, a ba ni izini in yi karatu."

Ta karanta saƙon Ropati sau biyu, a hankali. Sannan ta ajiye hotunan fim ɗin da ya tsira a gaban mahaifinta. Na uku, shi ne da yayarsa, tana gyara masa furannin wuya. Tuala ya daɗe bai ɗago kai ba.

Washegari da safe Ropati ya zo da iyayensa neman gafara, ya durƙusa a ƙofar gida an lulluɓe shi da tabarmar biko. Al'ada ita ce ya zauna haka har mai gida ya yaye. Da hantsi Tuala ya yunƙura zai je ya yaye.

"Baba, shayinka bai huce ba," in ji Sefina, ta ƙara masa wani.

Kofi huɗu ta zuba masa. Sai da rana ta take tsaka aka yaye tabarmar, Ropati ya jiƙe sharkaf da gumi.

Bayan wata biyar aka ɗaura auren. Tuala ya dafa kawunansu ya ce, "Allah Ya ba ku zaman lafiya da zuriya mai albarka. Tavita, daga yau kai ɗana ne."

An gafarta wa Ropati, har an ba shi aikin gashin nama a bayan gida. Amarya ce ta tsara wa mai ɗaukar hoto inda zai tsaya. Baƙi ɗari uku suka fito a hotunan bikin. Ropati ko gefen kunnensa bai fito ba.